Shirya Ziyarar Farko ta Ma'aurata Zuwa Gandun Namun Daji: Misali Daga Yankari

1.0 Gabatarwa

Bahaushe matafiyi ne tun asali. Tarihi ya nuna yadda fatake suka riƙa keta dazuzzuka zuwa Gwanja neman goro, da yadda almajirai suke nausawa gabas neman ilimin Alƙur'ani, da yadda 'yan cin rani suke barin gida bayan an kawar da amfanin gona. Sai dai kowace daga cikin waɗannan tafiye-tafiye tana da wata buƙata da ta haifar da ita, ko dai ta neman abinci, ko ta neman ilimi, ko ta sada zumunci. Tafiyar da miji da mata za su yi su biyu, don hutawa da buɗe ido kawai, baƙuwar al'ada ce da ta fara samun gindin zama a tsakanin ma'aikata da 'yan boko. Da yake baƙuwa ce, ba a gaji hanyoyin shirya ta daga iyaye da kakanni ba. Wannan ne ya sa wasu ma'auratan sukan kashe abin da suka daɗe suna tarawa, su dawo gida da gajiya da ɓacin rai, ba tare da sun ga abin da suka je gani ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana matakan da ya kamata ma'aurata su bi idan sun ƙuduri aniyar kai ziyararsu ta farko zuwa babban gandun namun daji. An ɗauki gandun Yankari da ke jihar Bauci a matsayin misali. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, nasarar irin wannan tafiya tun daga gida ake samun ta, domin dabbobin daji suna bin tsarin yanayi ne, kuma wajibi ne maziyarci ya daidaita lokacinsa da aljihunsa da burinsa da wannan tsari. Hausawa na cewa shirin zaune ya fi na tsaye.

2.0 Ma'anar Gandun Namun Daji

Gandun namun daji wani yanki ne mai faɗi da hukuma take keɓewa ta hanyar doka, ta hana farauta da noma da kiwo da saran itace a cikinsa, domin dabbobi da tsirrai su rayu yadda aka halicce su. Idan gwamnatin tarayya ce take riƙe da shi, akan kira shi gandun daji na ƙasa. Na farko irinsa a duniya shi ne Yellowstone da ke Amurka, wanda aka kafa a shekarar 1872. A Nijeriya, mafi girma shi ne Gashaka-Gumti da ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Akwai kuma wasu kamar na tafkin Kainji da na Kamuku da na Tsohuwar Oyo.

Wajibi ne tun da farko a bambance tsakanin gandun daji da gidan zu. A gidan zu irin na Audu Baƙo da ke Kano, dabba tana cikin keji ne, kuma duk wanda ya biya kuɗin shiga zai gan ta, ko da tsakar rana ne. A gandun daji kuwa, dabba tana gidanta ne, mutum shi ne baƙo. Babu wanda zai iya yi wa maziyarci alkawarin ganin giwa ko zaki a rana kaza. Rashin fahimtar wannan bambanci shi ne tushen yawancin ƙorafin da ake ji daga bakin waɗanda suka je karo na farko.

3.0 Taƙaitaccen Bayani a Kan Yankari

Gandun Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, kudu maso gabas da birnin Bauci, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince da keɓe shi a 1956, aka kuma buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 aka mayar wa jihar Bauci da ikon tafiyar da shi. Saboda haka, ko da yake har yanzu wasu suna kiran sa gandun ƙasa, a hukumance mallakar jiha ne. Daga 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS, mai hedikwata a Amurka, ta shiga yarjejeniya da gwamnatin jihar domin taimakawa wajen sintiri da yaƙi da mafarauta.

Dalilin da ya sa Yankari ya fi dacewa da masu zuwa karo na farko shi ne sauƙin isa da samuwar masauki a tsakiyar dajin, wato sansanin Wikki. Gashaka-Gumti ya fi shi girma da tsaunuka, amma yawancin yawon da ake yi a can da ƙafa ne, cikin hawa da gangara, abin da yake buƙatar juriya da sabo. A Yankari kuwa a cikin mota ake zagayawa.

Dabbobin da aka fi gani sun haɗa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da mugun dawa da gwaggon biri da jan biri, sai dorina da kada a bakin ruwa. Akwai kuma tsuntsaye fiye da iri 350. Giwayen Yankari suna daga cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, ko da yake ƙiyasin shekarun baya-bayan nan bai wuce 100 zuwa 150 ba. Zakuna kuwa 'yan ƙalilan ne suka rage, kuma ganin su sai an yi babbar sa'a. Raƙumin dawa ya daɗe da ƙarewa a wannan daji. Wanda yake da sha'awar ganin sa tare da jakin dawa, sai ya nufi gandun Sumu da ke arewacin birnin Bauci, inda aka zuba dabbobin da aka kawo daga ƙasar Namibiya a 2006.

4.0 Matakan Shiri

4.1 Daidaita Buri Tsakanin Miji da Mata

Mataki na farko ba ya buƙatar ko kwabo. Zama ne na shawara tsakanin mutum biyu. Sau da yawa maigida yakan yanke shawara shi kaɗai, ya ɗauka cewa abin da yake burge shi shi ne zai burge iyalinsa. Mai yiwuwa ne shi burinsa ya kwana yana bin sawun giwa, ita kuwa burinta ta sami kwana biyu ba ta hura wuta ba, ba ta ji hayaniyar gida ba. Duka biyun buri ne mai kyau, kuma Yankari yana iya ɗaukar su, muddin an faɗe su tun kafin a tashi.

Akwai tambayoyin da ya kamata a amsa a wannan zama. Kwana nawa za a yi? Su biyu za su tafi, ko da yara, ko da wani daga cikin ƙanne? Idan za a bar yara, wa zai riƙe su? Akwai mai tsoron dabbobi ko mai larurar da doguwar tafiya za ta tayar? Idan uwargida tana da juna biyu, dole ne a nemi shawarar likita, domin hanyoyin cikin daji suna da gargada, sannan zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa mai ciki illa. Haka kuma, magidancin da yake da mace fiye da ɗaya ya kamata ya warware batun wadda za ta fara zuwa da wadda za ta biyo baya cikin adalci, kada tafiyar kwana uku ta haifar da rigimar shekara guda.

Daga nan sai a sanar da iyaye da wani amintacce ranar tafiya da ranar dawowa da kuma inda za a sauka. Wannan ladabi ne, kuma matakin tsaro ne.

4.2 Zaɓen Lokaci

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Rayuwar dabbobin Yankari ta rataya ne a kan kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar gandun, kuma ba ya ƙafewa ko da rani. Da damina, wato daga Mayu zuwa Satumba, ruwa yakan kwanta a kowane kwari da tafki, don haka dabbobi sukan watsu cikin daji, ba su da buƙatar zuwa bakin kogi. Ciyawa kuma takan yi tsawo har ta shanye mutum, itatuwa su rufe da ganye, wasu hanyoyin su lalace. A irin wannan lokaci ana iya yin awa biyu ana yawo ba a ga abin da ya wuce birai da tsuntsaye ba.

Idan rani ya kama, sai lamarin ya juya. Ƙananan tafkuna sukan ƙafe ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta bushe, ganye ya kaɗe. Giwa guda tana iya shan ruwan da ya haura lita 100 a rana, saboda haka ba ta da zaɓi sai ta kusanci kogi. Haka ɓauna da gwanki da sauransu. Wannan ne ya sa lokacin da ya fi dacewa da kallon dabbobi shi ne daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, kuma gwargwadon tsanantar rani gwargwadon taruwar dabbobi a kwarin Gaji.

A cikin ranin ma akwai zaɓi. Watannin Disamba da Janairu na hunturu ne: da rana akwai daɗin yawo, da dare da asuba akwai sanyi mai ratsa jiki, sannan hazo yakan rage hangen nesa. Maris da Afrilu kuwa bazara ce, zafi yakan kai digiri 40, amma a lokacin ne aka fi samun damar ganin giwaye. Watan Fabrairu yana tsakani, domin sanyi ya fara sauka, zafi bai tsananta ba.

Wannan bayani ya shafi malamin makaranta kai tsaye. Dogon hutun da malami yake samu yakan faɗo ne tsakanin ƙarshen Yuli da farkon Satumba, wato a tsakiyar damina. Shi ne lokacin da ya fi samun sarari, kuma shi ne lokacin da ya fi rashin dacewa da wannan tafiya. Don haka malamin da yake son kai iyalinsa Yankari sai ya sa ido a kan hutun ƙarshen zango na ɗaya a Disamba, ko na zango na biyu a wajen Afrilu. Sai dai a lura cewa ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara da Ista da bukukuwan Salla cunkoso yakan yi yawa, ɗakuna su yi wuyar samu. Wanda yake son natsuwa sai ya zaɓi tsakiyar mako. A kuma duba kalandar Musulunci, domin watan azumi yana matsowa da kusan kwana 11 a kowace shekara. A 2025, misali, ya faɗo ne a watan Maris.

4.3 Kasafin Kuɗi

Farashi yana sauyawa, don haka abin da mutum ya ji daga wanda ya je shekara biyu da suka wuce ba abin dogaro ba ne. Abin da ya dace shi ne a tuntuɓi hukumar gandun, a sami farashi na lokacin, a rubuta shi. Kasafin ya ƙunshi waɗannan sassa:

(a) Sufuri, zuwa da dawowa.
(b) Kuɗin shiga na kowane mutum, da duk wani kuɗi da ake karɓa a ƙofa a kan mota ko kyamara.
(c) Masauki, gwargwadon yawan kwanaki.
(d) Abinci da ruwan sha.
(e) Kuɗin motar zagaya daji da na ɗan jagora, sau biyu ko uku.
(f) Tsaraba.
(g) Kuɗin ko-ta-kwana.

Ga misalin yadda ake lissafin sashe na farko. Daga Kano zuwa Bauci ta hanyar Birnin Kudu da Ningi kimanin kilomita 300 ne, daga Bauci zuwa sansanin Wikki kuma ya ɗan haura kilomita 100. Ke nan zuwa da dawowa ya zarce kilomita 800. Idan ƙaramar mota tana cin lita ɗaya a kowace kilomita 10, ana buƙatar mai da bai gaza lita 80 ba. Sai a ninka wannan da farashin lita a ranar, a kuma ƙara wani abu a kai saboda yawon cikin gari.

Sassa biyu na ƙarshe su ne aka fi mantawa da su. Bahaushe ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana, kuma idan ba a ware wa tsaraba kasonta ba, za ta ci na abinci ko na mai. Kuɗin ko-ta-kwana kuwa bai kamata ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na jimillar kasafin ba, domin taya tana iya fashewa, jiki yana iya ƙin daɗi, ana kuma iya ƙara kwana ba da niyya ba. Yana da kyau a riƙe wani kaso a matsayin tsabar kuɗi, saboda layin waya a cikin daji ba shi da tabbas, kuma idan ya ɗauke, tura kuɗi ta waya ba ya yiwuwa.

Shawara mafi muhimmanci a nan ita ce, kada a ci bashi don yawon buɗe ido. Ma'aikaci mai ƙaramin albashi yana iya ware wani abu kaɗan a kowane wata, ko ya shiga adashi da nufin ɗaukarsa ta faɗo daf da lokacin tafiya. Daidai ruwa daidai tsaki.

4.4 Hanya da Tsaro

Daga birnin Bauci ana bin hanyar Gombe ne har zuwa Dindima, inda ake karkata dama zuwa ƙauyen Mainamaji. A nan babbar ƙofar gandun take. Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne, isa ƙofa ba isa masauki ba ne, domin daga nan zuwa Wikki akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji, inda babu gidan mai, babu bakanike, babu mai faci. Don haka a cika tanki tun daga Bauci, a duba safaya taya da jak da ruwan lagireto. A kuma tsara tafiyar yadda za a isa ƙofa kafin la'asar.

Waɗanda ba su da mota za su iya shiga ta haya zuwa Bauci, daga nan su ɗauki shata. A yi ciniki a fili tun a tasha, a kuma tsayar da ranar da direba zai dawo ɗaukar su, domin ba a samun motar haya a cikin sansani yadda ake samu a gari. Masu zuwa daga nesa kuma suna iya sauka a filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauci.

Batun tsaro ba abin wasa ba ne. A 'yan shekarun nan an sami hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyuka na ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma yanayin tsaro yana iya sauyawa cikin ɗan lokaci. Wajibi ne a tambayi hukumar gandun da mutanen da suke zaune a Bauci halin da hanya take ciki a makon da za a tashi, a kuma guji tafiyar dare gaba ɗaya. Idan labarin da aka samu bai kwantar da hankali ba, ɗage tafiyar shi ne hikima. Matambayi ba ya ɓata.

4.5 Masauki da Guzuri

A sansanin Wikki akwai ɗakuna hawa-hawa, daga masu sauƙin kuɗi zuwa masu tsada, akwai kuma gidan cin abinci. A kama ɗaki tun da sauran lokaci, a karɓi shaidar biya, sannan a sake tuntuɓa ana saura kwana biyu a tashi. Lokacin kama ɗakin a tambayi sa'o'in da ake ba da wutar lantarki da kuma halin da ruwan famfo yake ciki. Wannan tambaya tana da muhimmanci musamman ga masu zuwa da bazara.

Game da tufafi, a zaɓi masu sauƙi, masu dogon hannu, masu launin ƙasa-ƙasa. Dalili shi ne akwai ƙudan tsando a bakin kogi, cizonsa yana da zafi, kuma launin baƙi da shuɗi mai duhu suna jawo shi. Farin kaya kuma ƙura takan ɓata shi nan da nan. Takalmin kambas ya fi silifa da mai tsini. Masu zuwa da hunturu su riƙe rigar sanyi, domin fitar asuba a buɗaɗɗiyar mota ba ta da sauƙi.

Sauran kayan da ake buƙata sun haɗa da gidan sauro da man shafawa mai korar sauro, da tocila, da abin ajiye cajin waya, da madubin hangen nesa idan da hali, da ruwan sha mai yawa, da magungunan da mutum ya saba sha, da garin gishiri da sukari na maganin gudawa. A riƙe busasshen guzuri kamar dambun nama da kilishi da dabino da cincin, a cikin mazubi mai murfi.

5.0 Tsarin Kwanaki a Cikin Gandu

Ga masu zuwa karo na farko, kwana uku sun wadatar. Kwana ɗaya ya yi kaɗan, domin idan ba a dace da dabbobi a fita ta farko ba, babu damar sakewa. Dabbobi sun fi motsi da sassafe da kuma yamma liƙis. Da tsakar rana sukan shige inuwa su kwanta. Saboda haka ranar maziyarci takan kasu uku: fita daji da safe, hutu da rana, sannan wata fitar ko wanka da yamma.

A rana ta farko a isa, a huta, a sadu da ma'aikata a tsayar da lokacin fitar gobe. A rana ta biyu a fita da sassafe zuwa kwarin Gaji, da yamma kuma a sauka maɓulɓular Wikki. Ruwan wannan maɓulɓula yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garau yake har ana ganin yashin ƙasansa, kuma ɗuminsa yana tsayawa a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wuri ne na kowa da kowa, maza da mata, don haka ma'auratan da suke son sirri sai su zaɓi lokacin da babu jama'a, su kuma tanadi suturar da ta dace. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a inda ƙafarsa take taɓa ƙasa, domin kusa da bakin dutsen zurfin ya kusa mita biyu.

A rana ta uku a ziyarci wuraren tarihi. Akwai kogwannin Marshall guda 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna a ciki, waɗanda aka sa musu sunan mai binciken da ya bayyana su a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey fiye da 130 da aka haƙa aka haɗe su ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Akwai kuma kufan matoyar tama, da ke nuna cewa an yi sana'ar narkar da ƙarfe a wannan daji tun kafin zuwan Turawa. A cikin sansani ma akwai ɗan gidan adana kayan tarihi. Waɗannan wurare ba sa gudu ba sa ɓuya, don haka ko ba a ga giwa ba, ba za a koma da hannu biyu ba. A kan hanyar dawowa ana iya tsayawa a Bauci a ziyarci kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, a kuma ɗanɗani masar Bauci da ta yi suna.

6.0 Ladubban Zama a Daji

Dokokin gandu an yi su ne don kare mutum da dabba baki ɗaya. Ba a shiga daji sai da ɗan jagora. Ba a sauka daga mota sai inda ya ba da izini. Ba a ɗaga murya ko kunna kiɗa, domin hayaniya tana korar abin da aka zo gani. Giwa mai ɗa da ɓauna da dorina suna da haɗari ƙwarai idan aka matsa musu, kuma babu hoton da ya kai ran mutum daraja.

A cikin sansani, gwaggon biri shi ne babban abin lura. Ya saba da mutane har ya daina jin tsoronsu, yakan fizge leda daga hannu, yakan kuma shiga ɗaki ko mota idan ya sami ƙofa a buɗe. A riƙa rufe ƙofa da taga, kada a yi yawo da abinci a fili, kada kuma a ba shi da hannu. Ciyar da shi ne ya koya masa wannan ɗabi'a tun farko. Haka nan kada a zubar da leda ko gwangwani, kada a yar da guntun taba ko ashana a busasshiyar ciyawa, kada kuma a sayi naman daji a ƙauyukan kewaye, domin kowane ciniki irin wannan ƙarfafa gwiwa ne ga masu farautar sata.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi bayanin ma'anar gandun namun daji da bambancinsa da gidan zu, ta kawo taƙaitaccen tarihin Yankari, sannan ta jero matakan shiri tun daga shawara tsakanin ma'aurata har zuwa ladubban zama a daji. An ga cewa ruwa ne yake juya rayuwar dabbobin gandun, shi ya sa zaɓen wata ya fi kowane mataki tasiri, musamman ga malami wanda dogon hutunsa yake faɗowa da damina. An kuma ga cewa kasafin da aka rubuta da binciken halin hanya su ne suke raba tafiyar hutu da tafiyar wahala. Ga ɗalibi mai shirin zama malami, wannan ilimi yana da amfani biyu. Zai yi masa rana a gidansa, zai kuma yi masa rana a ranar da shugaban makaranta ya ɗora masa nauyin kai ɗalibai ziyarar gani da ido, domin matakan kusan ɗaya ne, sai dai nauyin ya fi yawa. Yaron da aka koya wa sunan gwanki da kanki a allo, idan ya gan su suna shan ruwa a bakin Gaji, ba zai sake rikita su ba. Gani ya kori ji.

8.0 Auna Fahimta

1. Bayyana bambanci tsakanin gandun namun daji da gidan zu.
2. Me ya sa aka fi ganin dabbobi a Yankari da rani fiye da damina?
3. Kawo sassa biyar na kasafin kuɗin tafiya, ka yi bayanin biyu daga ciki.
4. Fito da karin magana uku da aka yi amfani da su a cikin maƙalar, ka bayyana yadda kowanne ya dace da muhallinsa.
5. Rubuta insha'i na bayani mai kalmomi 400 a kan yadda za ka shirya kai 'yan aji shida na firamare ziyara zuwa wani wurin tarihi da ke jiharku.